Ɗakin Bayan Rumbu

Akwai wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don duk wanda ya san ƙauyukanmu zai iya raɗa masa suna da kansa. Gari ne na manoman gero da dawa, da masallacin Juma'a, da firamare, da ɗakin shan magani guda ɗaya. Daga bakin kwalta zuwa cikinsa tafiyar awa guda ce a babur da rani, da damina kuwa sai abin da rafi ya yarda. Mutanen garin masu kunya ne ta gaske. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, yaro ba ya haɗa ido da babba. A cikin irin wannan tarbiyya aka raine ni, ina sonta, ba na kuma fatan ganin ranar da za mu rasa ta.

A garin akwai wani dattijo mai faɗa a ji, ɗan kasuwar hatsi, kowa Alhaji yake ce masa. Shi ne shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda aka ɗora wa sa ido a kan ɗakin shan magani. Ba mugu ba ne. Yana fitar da zakka, yana aika wa maƙwabta nama da Sallah, shi ya saya wa masallaci janareta. A cikin gidansa, can bayan rumbuna, kusa da turken awaki, akwai wani ɗakin kara. A nan 'yar ƙanensa take zaune, marainiya ce, kurma tun haihuwa. Shi ya riƙe ta, shi ya aurar da ita tana shekara 15.

Da cikin fari ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Naƙuda ta kama ta daren Lahadi. Ba wanda ya sani sai da gari ya waye, don an nuna mata tun tuni cewa 'yar mutunci ba ta raki a haihuwar fari, ga shi kuma ba ta da bakin kiran kowa. Ran Litinin aka kira ungozoma, aka ba ta rubutu, aka ba ta jiƙo, aka yi turare. Ran Talata da yamma ungozoma ta ce gishiri ne ya tare hanya, ta sa reza ta yanka. Matan gida suka ce a kai ta asibiti. Aka ce mijinta yana Legas ci-rani, wayarsa ba ta shiga, ba a kuma fitar da matar mutum ba da izininsa ba. A ƙofar gida a-kori-kurar Alhaji tana tsaye, tun la'asar aka yi mata lodin gero, da asuba za ta kama hanyar Dawanau. Sai ran Laraba da hantsi, da suka ga idonta ya fara juyewa, aka shimfiɗa ta a amalanke zuwa bakin kwalta. A babban asibiti aka ciro ɗan, namiji, ya riga ya koma.

Bayan 'yan kwanaki aka ga shimfiɗarta tana jiƙewa, kuma ba ta daina ba. Abin da ya faru a jikinta ba boyayye ba ne ga masu ilimin haihuwa. In ka ɗaure yatsa da zare tamau ka bar shi, jini zai daina zuwa, naman ya mutu. Haka kan jariri yake yi in ya maƙale a ƙugu kwana biyu ko uku: yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, naman ya mutu, daga baya ya zube ya bar ƙofa. Ta nan fitsari yake bi dare da rana, wani lokaci har da bayan gida. Shi ne yoyon fitsari. Ƙarancin shekaru yana ƙara haɗarin, yankan gishiri ma yana jawo shi, amma har uwar 'ya'ya takwas yana kamawa in ɗa ya zo a gicciye ba a yi mata tiyata da wuri ba. Tushen ciwon jinkiri ne.

Mijin ya dawo, ya yi wata biyu yana kawo sabulu, sannan ya aiko da takarda. Matan gida suka fara toshe hanci, aka ware mata kwano da buta, aka mai da ita bayan rumbu. Ta rage shan ruwa don yoyon ya ragu, sai fitsarin ya ƙara kauri da wari, ya sale mata cinya. Ƙafarta ta hagu ta shanye, tana janta. Wata daga cikin matan gidan ta nuna mata da hannu cewa ba ta da tsarki, ta bar salla. Shekara huɗu tana wanke tsummoki da dare tana shanyawa a kan danga, ta kwashe kafin asuba don kada a gani. Kullum ana kai mata tuwo. A cikin shekarun nan huɗu Alhaji ya shugabanci zaman kwamitin lafiya ba adadi, bai taɓa taka ƙafarsa bayan rumbun ba.

Waɗanda suka taka yara ne. Ta farko wata budurwa ce 'yar garin, ɗalibar makarantar koyon ungozoma, ta zo hutu. A aji aka koya mata ciwon, sai ta tuna warin da take ji in an aike ta gidan Alhaji tana ƙarama. Ta samu yayanta ɗan acaɓa, da na'ibin liman wanda bai fi shekara 25 ba, da wani gurgu mai gyaran waya a bakin kasuwa, da wata yarinya da ta iya maganar hannu saboda yayanta kurma ne, ya yi makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano. Ba su da ƙungiya mai rajista, ba su da ofis, ba su da riga mai tambari. Littafin rubutu guda suka saya.

'Yan matan su ne masu shiga gidajen da aka rubuta wa "ba shiga". Sun sha kora. Inda aka bar su suka zauna, sai da suka yi ta dawowa kafin a nuna musu ɗakin da ake ɓoyewa. Kurmar gidan Alhaji kuwa sai da tafintar ta yi makonni tana zuwa, don alamun da take yi nata ne na gida, ba irin na makaranta ba. Ranar da suka fahimci juna, abin da ta fara tambaya shi ne ko ita kaɗai ce Allah ya yi wa haka a duniya. A lokacin 'yan matan sun riga sun rubuta mata uku masu irin ciwonta a cikin garin da rugagen Fulani na kewaye. Sun rubuta matar mai gyaran waya, gurguwa, wadda ta je awo da rarrafe ta hau matakala uku, ma'aikaciya ta dube ta ta ce, "Ke ma da wannan halin kika yi ciki?" Ba ta sake komawa ba. Sun rubuta wata makauniya da ake rubuta wa magani a miƙa wa ɗan jagoranta mai shekara 9, a gabansa ake tambayarta abin da ba a tambayar mace a gaban ɗanta.

Tsohuwar ungozomar da ta yi yankan, da suka je mata, ba ta yi musu ba. Kuka ta yi. Ta ce, "Jikata, abin da na gada ke nan. Da an ce mini ga mota, da ban taɓa reza ba." Tun daga ranar ta zama tasu, ta yi alkawarin duk naƙudar da ta cinye yini ko dare ba a haihu ba, za ta tayar da mutum.

Suka nemi a saurare su a zaman kwamiti. Aka ba su lokaci a zauren Dagaci bayan la'asar. Suka tuɓe takalma tun daga nesa, suka durƙusa suka yi gaisuwa. Ɗalibar ce ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, Baba Alhaji, iyayena. Ba mu zo koya muku komai ba. Abin da muka gani muka kawo."

Ta ce suna roƙon duk magidancin da zai tafi ci-rani ya bar izini a gaban shaidu, cewa in naƙuda ta yi tsanani a fita da matarsa ba sai an neme shi ba. A kafa asusu, ko mudu ɗaya ne daga kowane gida da kaka, saboda kuɗin mai da na jini. A yi magana da direbobin tasha, don a wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW ta daɗe tana ɗaukar masu naƙuda da dare. A matsa wa ƙaramar hukuma ta turo ungozomar asibiti mai kwana a gari, don ƙofar ɗakin shan magani da azahar ake sa mata kwaɗo. Mai gyaran waya ya karɓa, ya ce shi buhun siminti biyu kawai yake roƙo a yi gangara a ƙofar, don akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika. Daga ƙarshe ɗalibar ta ce akwai mata huɗu da ke buƙatar a kai su aiki. Ba ta faɗi sunan gida ko ɗaya ba.

Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa. "Ke yarinya, 'yar gidan wa ce ma? To. Budurwa da ke, ko lalle ba a sa miki ba, me ya haɗa bakinki da zancen haihuwa a gaban iyayenki maza? Wannan ita ce bokon da aka tura ki ki koyo? Ku faɗi gaskiya, wa ya turo ku? Mun san irin wannan, da zancen tausayi ake farawa, a ƙare da hana haihuwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ba zan ce tsoron Alhaji ba shi da asali ba. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya yi tambaya. Amma a cikin abin da yaran suka roƙa babu ƙwaya, babu allura, babu baƙo: izini ne, da mudun gero, da siminti, da mota. Karin maganar ma gaskiya ce, babba yana hangen nesa. Sai dai abin da yaran nan suka gani ba a nesa yake ba balle a hau rimi. Taku ashirin ne daga turakar mai maganar, kuma sunkuyawa ake yi a shiga.

Kunyar da ya kira ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kunyar da na sani sutura ce, mai rauni ake lulluɓawa. A zauren nan kuwa wanda aka lulluɓe shi ne mai gida, don kada a tambaye shi. Ita wadda ke bayan rumbu ba abin da ya rufe ta, kowa a gidan ya san warinta, yara sun san sunan da ake kiranta da shi a bayan ido. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Duk waɗannan an yi musu wanka, an yi musu salla, maza sun ɗauki makara, ba wanda ya ji kunyar zuwa jana'iza. Maganar da za ta hana jana'izar ce kaɗai ta zama rashin ta ido.

Tsohon Liman bai ce komai ba sai da na'ibinsa ya rage murya ya gaya masa cewa ɗaya daga cikin matan ta shekara huɗu ba ta salla, an ce mata ba ta da tsarki. Ya ɗago. "Wa ya ce mata haka?" Aka yi tsit. Ya ce duk almajirin da ya karanta Risala ya san hukuncin mai yoyon fitsari, uzuri ne, ta yi alwala ta yi sallarta. Ya ce wannan alhakin ba nata ba ne, na waɗanda suka sani ne ba su shiga sun gaya mata ba, kuma shi ne na farko a cikinsu. Duk da haka zaman ya tashi ba a yanke komai ba. Aka ce za a duba.

Yaran ba su jira ba. Ɗan acaɓa ya bi abokan sana'arsa, mai gyaran waya ya ajiye gwangwani a kan teburinsa, Liman ya ba da tunkiya. Mata uku aka samu iyalansu suka yarda. Ta gidan Alhaji tana cikinsu, uwargida ce ta fito da ita ta ƙofar baya, ta ce in an tambaya ita za ta amsa. A tasha direba na farko ya leƙo, ya shaƙi iska, ya ce mota ta cika. Na biyu ya ce sai an biya kujerar baya duka. Aka biya. Ɗalibar ta shimfiɗa leda, ta ɗora tsohon zani, ta zauna a tsakiyarsu. Wata fasinja ta ja gyale ta rufe hanci tun daga tasha har Katsina. Kurmar ba ta sha ko kurɓi ba tun daren jiya, leɓenta ya bushe ya tsage, duk ramin da mota ta faɗa sai ta duba ƙarƙashinta.

Babbar Ruga, inda suka nufa a Katsina, asalinta asibitin kutare ce. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyo ba mai duba su, ya koma ɗinke su, ya yi wa dubbai aiki, ya koyar da likitoci da yawa. Yau cibiya ce ta ƙasa, akwai irinta a Ningi da Abakaliki, ga sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, ga Jahun a Jigawa, ga Danja kusa da Maraɗi. Wato shekaru arba'in ke nan maganin yana nan a ƙasar Hausa. Da suka shiga harabar, kurmar ta tsaya cik. Mata ne ko'ina, wasu riƙe da robar fitsari a cikin ɗan bokiti, suna hira, suna kitso, suna dariya. Ta kama hannun tafintar tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, tana nuna kanta.

Aka yi mata aiki, ta yi makonni da roba, aka sa ta shan ruwa kamar ba gobe. Ta warke. Aka ja mata kunne cewa in ta sake aure ta yi ciki, a asibiti za ta haihu, ta hanyar tiyata. Ta biyu sai da aka sake mata aiki. Ta uku, wadda ta shekara goma sha da ciwon, yoyon ya ragu amma bai tsaya ba.

Labari ya kai birni. Ranar 23 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2013 don yaƙi da wannan ciwo, sai ga motoci masu baƙin gilashi. An kafa rumfa, an yi hayar kujeru, an rataya ƙyalle da Turanci. Alhaji yana sahun gaba, shi ya yi jawabin maraba, ya ce kwamitinsa ba ya barci a kan lafiyar mata. Aka kira matan uku tsakiyar fili, aka ɗora wa kowacce turmin atamfa da sabulu a hannu, aka ce su ɗaga kai. Ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a ɗauki fuskarsu. Kafin magariba hotunan suna Facebook, da sunan ciwon a ƙasa, abin da ɗalibar ta ƙi faɗa ko a zauren Dagaci. An yi jawabi biyar a kan kurmar, ba a sa tafinta ba. Tafintar tana baya ita da sauran, su aka ba aikin jera kujeru da rabon ruwan leda. Wata baƙuwa ta yi bayani mai kyau cewa a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Aka yi tafi. Ɗan acaɓa ya ɗaga hannu zai tambayi wa zai kai mace inda ake tiyatar da ƙarfe biyun dare in rafi ya kawo, aka ce lokaci ya ƙure, manyan baƙi za su kama hanya. Washegari da azahar aka sa wa ɗakin shan magani kwaɗonsa.

Da damina ta kusa suka sake neman zama. Wannan karon kurmar ta ce da ita za a je. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfar, ta durƙusa a gaban Dagaci, ta gai da baffanta kamar yadda ɗiya take yi. Sannan ta fara magana da hannu. Ta nuna ciki, ta ɗaga yatsa uku, ta kwanta da kai a tafin hannu sau uku, ta kama sitiyari a iska, ta nuna ƙofar gida. Tafintar ta yi shiru, idonta ya ciko. Kurmar ta dafa gwiwarta ta girgiza.

"Baba, ka yi haƙuri, ba ni na faɗa ba. Ta ce kwana uku ta yi. Ta ce a dare na ƙarshe, ta kafar danga tana ganin motarka a ƙofar gida. Ta ce ba ta zo don a ba ta haƙuri ba. Tana tambaya ne, in ta wata ta zo, motar za ta tashi?"

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce Allah ya riga ya ƙaddara. Liman ya ce, "Ƙaddara gaskiya ce, Alhaji. Amma geron nan da hannu aka loda shi, da hannu kuma ake sauke shi." Dagaci ya ga zauren ya yi nauyi, ya ce magana ce babba, ba a yanke ta da gaggawa, a bari sai an kai amfanin gona gida. Alhaji ya ce wa magatakarda ba sai an rubuta wannan ɓangaren ba.

Suka fito. A gindin darbejiya ɗalibar ta buɗe littafin, suka ƙirga masu cikin da watan haihuwarsu zai kama kafin kaka, mata bakwai, biyu 'yan fari ne, ɗaya matar mai gyaran waya ce, uku mazajensu ba sa gari. Suna cikin raba gidajen a tsakaninsu sai ga direban a-kori-kurar Alhaji, saurayi ne sa'ansu, da ma yana bakin zaure yana ji. Ya ce a wancan daren shi ne yaron mota, a kan buhunan ya kwana, yana jin kai-komon matan gida har asuba. Ya karɓi biro ya rubuta lambarsa a bangon littafin.

"Ko da lodi ku kira ni, ko ƙarfe nawa ne. In ya kore ni, ya kore ni."